Fuska a Ƙarƙashin Tawada

Duk ranar Asabar bayan azahar, Khalida takan sa kyamara a jaka ta hau tasi daga Zahir zuwa Aziziyya. Ginin da take zuwa bene ne mai hawa tara, masaukin alhazai. Wata goma a shekara ba kowa a cikinsa sai Inna Hure da ɗanta Issoufou, waɗanda mai ginin ya bar wa ɗaki guda a kan rufi don su riƙa shara suna riƙe makullai. A badrum, ɗakin da ke ƙarƙashin ƙasa, ake jibge katifun alhazai idan an watse, ɗari uku da 'yan kai, kowace cikin ledarta. Issoufou ne ya gano cewa in aka jingina su da bango biyu-biyu, ko tukunyar gas ce ta fashe a ciki ba za a ji a titi ba. Haka ƙungiyar Tsatsa ta sami wurin kiɗa.

Su huɗu ne, kiɗan metal suke yi. Rayyan, ɗan gwaggon Khalida, shi ne mai jita kuma mai ihu. Akwai wasu wa da ƙane daga Rusaifa da ba su cika magana ba. Issoufou ne a kan ganguna. Sauran ranakun mako dako yake yi a kasuwar kayan miya, tafin hannunsa ya yi kanta kamar ƙasan takalmi. Da wayar wani ta yi kiran la'asar, kiɗa yakan tsaya cak ko a tsakiyar waƙa ne, su yi alwala a famfon wankin barguna, su shimfiɗa kwali. Issoufou ke jan su salla, don duk ya fi su karatu.

Khalida ba ta kiɗa, ba ta ma son a kalle ta. Ta karanta ilimin ɗakin karatu a jami'a, tana aiki a ofishin wani kamfanin hidimar alhazai inda injin fotokwafi ke bayan kujerarta. Abin da take yi wa Tsatsa, da sauran 'yan ƙungiyoyin da ke ɓoye a garin, mujalla ce. Ta sa mata suna Dawsha, wato hayaniya a Larabcin Hijaz. Takan wanke hotuna a takarda mai sheƙi, ta yanka da almakashi, ta manna da gam a kan kwali, ta rubuta hira da baitoci da hannu a gefe. Wannan kwalin shi ne asali. Sai ta kifa shi a kan gilashin injin lokacin da abokan aiki suka tafi cin abinci, ta fitar da kwafi arba'in, ta ninke, ta ɗinke da zare. Daga nan mujallar ke bin hannu: teburin wani mai gyaran waya, bayan motar Rayyan zuwa Jidda da Ɗa'if, aljihun wasu 'yan Burma uku masu kiɗan pank a rufin wani gida. A shekara biyar ta fitar da goma sha huɗu.

Doka ɗaya ce a Dawsha: ba sunan gaskiya, ba fuska. Kafin ta kifa asali a kan injin, Khalida takan bi kowace fuska da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ta shafe. Da farko kowa ya so haka. Daga baya ƙasa ta buɗe, aka fara taron kiɗa a fili a Jidda da Riyad, sai Rayyan ya ce a daina rufe tasa, 'yan Rusaifa suka bi shi. Ya rage Issoufou kaɗai. A Makka aka haife shi, amma uwarsa ta zo aikin hajji ne daga wajen Tawa shekara ashirin da bakwai da suka wuce ta zauna. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, shi ma ba shi da ita, ba shi da wata takarda mai sunansa a duniya. Duk wanda ya gane shi a inda bai kamata ba, yana iya raba shi da garin.

Wata Asabar cikin Rajab, Rayyan ya sauko badrum ba jita, sai waya a hannu.

"Isma'u, ku saurara, ya jama'a. Akwai wata a Jidda, Dalal, tana da gidan baje hotuna. Za ta yi nuni a kan kiɗan ɓoye na Hijaz, bayan ƙaramar salla. Ta ga Dawsha. Ta ce bango guda, kamil, namu ne." Ya nuna Khalida da wayar. "Naki ne, ya bint khali, 'yar kawuna. Ki daina kallon ƙasa, ba kuɗi a wurin."

Issoufou yana ɗaure fatar ganga, bai ɗago ba. "Bango na mi? Shanya mu za a yi kamar wanki?"

"Kai ba za ka gane ba, ya shaikh. Fanni ne, aikin fasaha. Za a zo daga jarida."

A nan Issoufou ya ajiye makullin gangar. "Khalida, hotona na ciki?"

"Baƙi ƙirin, kamar kullum," ta ce.

"Gwada mani."

Ta ciro Dawsha ta goma sha ɗaya daga jaka, ta buɗe shafin tsakiya. Shi ne hoton da ta fi so a duk aikinta: Issoufou a bayan ganguna, sanduna biyu a sama, gumi na tashi, tulin katifu a bayansa. Inda fuska take, sai dunƙulen baƙi. Ya karɓa ya ɗaga saitin ƙwan lantarki, ya juya, ya sake ɗagawa. Ba abin da ya fito.

"To, in dai hakanan ne," ya ce.

"Wa ma ke son fuskarka, ya takari?" in ji Rayyan. "Makar nan jama'a take yi wa rahama."

Issoufou ya jefe shi da sanda, ta same shi a kafaɗa, aka yi dariya. Da yake miƙa wa Khalida mujallar ya rage murya. "Ke na riƙe, ba shi ba. Shi bakinshi ba ya da ƙofa."

Ta gyaɗa kai.

Dalal ta zo Makka da kanta bayan mako biyu, suka haɗu a wani wurin shan gahawa. Doguwa ce, abayarta a buɗe, tana magana da sauri cikin Larabci mai gauraye da Turanci. Khalida ta kawo mata kwafi goma sha huɗu masu tsabta, waɗanda ta adana a leda. Dalal ta duba su ta ture gefe.

"Waɗannan kowa zai iya yi, habibti. Ina na farkon? Wanda kika manna da hannunki?"

"Asalin? Ai ba na kallo ba ne. Duk gam ne da datti."

"Shi nake so. Gam ɗin, da karkatar almakashi, da tabon shayi. Mutane hannu suke son gani." Ta dafa yatsun Khalida. "Kin san abin da kika yi kuwa? Shekara biyar kina ajiye tarihin da ba wanda ya san yana faruwa."

Ba a taɓa gaya wa Khalida magana irin wannan ba. Da ta koma gida ta jawo kwalin dabino daga ƙarƙashin gado, inda asalan suke. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya a hasken ɗakinta mai ruwan ɗorawa, labule a rufe. Ko'ina fuskar Issoufou baƙa ce. Ta ɗaure su da zare ta ba Rayyan ya kai Jidda.

Ranar buɗe nunin, tara ga Shawwal, ta bi Rayyan a jirgin ƙasa. Issoufou bai zo ba, ba a ma yi zancen zuwansa ba. Akwai shingen bincike a hanyar Jidda, kuma daga Shawwal ake tsananta kame saboda hajji ya gabato. Suna cikin jirgi saƙon muryarsa ya shigo wayarta, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa: "Hajiya mai bango! A ɗauko mani hoto in gani. Ki ce ma wancan mai ihun shi wanke gashi."

Gidan nunin tsohon sito ne da aka yi wa farin fenti. Sun isa bayan la'asar, mutane sun fara cika. Bangon Dawsha na can ƙurya, shafuka talatin kowane cikin gilashi, sunanta a sama da manyan baƙaƙe. Daga rufi an sako wa kowane shafi farar fitila mai ƙarfi, a karkace. A tsakiya, inda fitila biyu suka haɗu, aka rataye shafin Issoufou.

Tun daga taku goma ta gani. Tawadar maka ba ta shiga takarda mai sheƙi, a sama take bushewa kamar fatar albasa. Injin fotokwafi ba ya gani ta cikinta, baƙi kawai yake fitarwa, kuma shekara biyar ta idon injin Khalida ke duba aikinta. A ƙarƙashin wannan fitila tawadar ta koma ruwan shuni, ta yi shara-shara. Ga Issoufou nan, ido a rufe, baki a buɗe, ga wushiryarsa, ga tabon da akwatin tumatir ya yi masa a gira. Duk wanda ya taɓa sa shi dako sau ɗaya zai gane shi. A kan ledar katifun da ke bayansa ma ana iya karanta hatimin ginin, wanda a kwafi ɗigo ne kawai.

Mutum shida ne a gaban shafin, huɗu sun ɗaga waya.

Ta sami Dalal kusa da teburin lemo. "Akwai matsala a shafin tsakiya. Fuskar na fitowa."

"Na sani! Ni na sa aka ƙara fitila." Dalal ta riƙe ta a kafaɗu. "Shi ne abu mafi kyau a ɗakin nan gaba ɗaya. An shafe shi, ya ƙi shafuwa. Da gangan kika yi, ko?"

"A'a. Shi mutumin..." Khalida ta duba gefe. Akwai wasu mata biyu na sauraro. Ta fasa faɗin kalmar iƙama. "Ba ya son a gan shi."

"Duk haka suke cewa, sai sun ga an so su." Wani ya kira Dalal, ta juya.

Khalida ta ja Rayyan ta hannun riga zuwa bayan wani ginshiƙi. Ya saurare ta yana murmushi ga wani ta saman kanta.

"Ka sa a sauke shi," ta ce. "Kai tana jin maganarka."

"A sauke? Yanzu? Majnuna ce ke? Shi kowa ke ɗauka."

"Rayyan, za a gane shi."

"Wa? Waɗannan?" Ya nuna ɗakin da haɓa. "Waɗannan ko direban gidansu ba su san kamarsa ba. Baƙin ɗan dako ɗaya ne da ɗari a wurinsu. Khalas, ki saki fuska."

Makar na cikin jakarta, ba ta rabuwa da ita. Gilashin maɓalli huɗu ne kawai ke riƙe da shi. Maɓallin fitilun ma ta ga inda yake, a bayan ƙofa. Tana tsaye tana lissafa taku nawa ne zuwa can, sai wata mata mai ɗan littafi da mai ɗaukar hoto a bayanta suka tsaya a gabanta. Matar ta ce daga jarida take. Ta tambayi sunanta, ta tambayi yadda ake rubuta shi. Ta tambaye ta me ya sa take ɗinke mujallar da zare, sannan ta tsaya tana jiran amsa. Khalida ta fara da in'ina, sai maganar ta warware. Ta yi bayanin gam da ba ya sa takarda ta kumbura, da yadda ake jera shafuka don su faɗo daidai in an ninke. Matar tana rubuta duk abin da ta ce.

"Za mu ɗauke ki a gaban wanda kika fi so," in ji mai hoton. "Wanne ne?"

Idon Khalida ya je kan shafin tsakiya. Aka tsayar da ita a gefen shafin tsakiya, aka ce ta ɗan matsa hagu kada ta tare shi. Ta matsa.

A bayanta tana jin Rayyan yana gaya wa wani mai ɗaukar bidiyo, da Larabcinsa mai daɗi, cewa sun fara ne a badrum ɗin wata imara, wato benen alhazai, a Aziziyya, cikin katifun alhazai, kuma ba wanda ya taɓa sani.

A jirgin komawa ta buɗe saƙon Issoufou ta sake saurara. Tana da hoton bangon a wayarta. Ta fara rubuta masa wani abu, ta goge. Ta ce gobe, in ta huta, za ta san yadda za ta faɗa. Gobe ta zo tana ofis, ana shirin zuwan alhazai, takardu har wuya. Jibi ma haka. Mutum dubu sha ɗaya suka kalli bidiyon Rayyan, ta ga an rubuta a ƙasa: wane ne mai gangar nan?

Kwana shida bayan nunin, da hantsi, Rayyan ya kira ta tana ofis.

"Kin ji musiba? An kulle badrum, sifikuna biyu na ciki, da ƙaramar jitata."

"Wa ya kulle?"

"Mai imara. Ɗansa ne ya nuna masa bidiyo. Ya zo jiya da safe, ya ɗora waya gefen fuskar Issoufou yana kwatantawa, kamar a filin jirgi. Ya ga hatiminsa a katifu, ya haukace. Kin san tarar da ake ci in an kama ka da mai zama ba takarda? To sai ya riga su. Shi ya kira, ya ce ya tarar da baƙo ya fasa masa gini."

"Shekara goma sha biyu suna share masa gini."

"Ni kike gaya wa? Ni sifikuna..."

"Ina Issoufou?"

"Sun tafi da shi. Tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora. Nijar za a kai shi, in an gama takardu." Rayyan ya yi 'yar dariya. "Ga shi zai samu takarda a ƙarshe. Tsohuwar ta tsira, ta fita sayar da kunu, maƙwabta suka tare ta a hanya."

Khalida ta kalli injin fotokwafi yana fitar da jerin sunayen alhazan wata jiha, ɗaya bayan ɗaya.

"Bai taɓa zuwa Nijar ba," ta ce.

"Zai saba, ai garinsu ne. Isma'i, ba wannan na kira ki ba. An ba mu dandali a Jidda bayan hajji, minti arba'in. Na samu wani mai ganga a can, yana da kayansa, yana da mota. Tsakani da Allah Issoufou da ma hannunsa na ja baya in waƙa ta yi sauri, ba na so in faɗa ne kawai. Za ki zo ki ɗauke mu?"

Ta kashe wayar. Sai wani tsoro ya taso mata da ba na Issoufou ba. Sunanta na jikin bango, yana cikin jarida, kuma ita ta yi shekara biyar tana shiga ginin. Ta shiga banɗakin ofis ta kulle. Ta goge duk hotunan badrum daga waya. Da ta koma gida ta goge na kyamara da na kwamfuta, ta karya katin ajiyar biyu da filaya. Saƙon muryarsa ne na ƙarshe, shi ma ta goge.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka ƙwanƙwasa ƙofarsu a Zahir. Mahaifiyar Khalida, Hajiya Fatsuma, ta buɗe. Ta san Inna Hure sama-sama, ita ke zuwa dama fura da wanke tukwane in ana biki a dangi.

"A'a, Hure! Yau ke ce a gari? Shigo, shigo. Khalida, kawo shayi."

Inna Hure ta cire takalmi ta zauna a bakin kafet, ba ta hau kujera ba. Abayarta ta aro ce, ta yi mata tsawo. Aka gaisa, aka tambayi zafi, aka tambayi mosim, wato lokacin hajji. Khalida ta ajiye tire ta tsaya jikin ƙofar kicin.

"Hajiya, an kama mani yaro," in ji Inna Hure.

"Inna lillahi! Wannan dogon? Kai, bana kamen ya yi tsanani. Jiya ma aka kwashe masu wankin mota a layinmu. Allah ya sa hakan ne alheri."

"Amin. Ba roƙo ya kawo ni ba." Ta juya wajen Khalida. "Ɗiyata, ɗakinmu an sa mashi kwaɗo, ko cokali ban ɗauka ba. Waya tana hannunshi. Ba ni da hotonshi ko guda. Ke kuwa kullum kina ɗaukar su. Ki ba ni ɗaya, ko ƙarami, in riƙe."

Hajiya Fatsuma ta dubi 'yarta. "Ina kika san shi?"

"Abokin Rayyan ne," in ji Khalida. Ta kalli tiren. "Babu, Inna. Sun goge."

"Duka?"

"Duka."

Inna Hure ta gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya mata farashin abin da ba za ta iya saya ba.

"Waɗannan na'urorin haka suke," in ji Hajiya Fatsuma. "Amma Hure, ba ki ji labarin 'yarki ba? Ta shiga jarida! Wannan da ko gaisuwa sai an matsa mata." Ta miƙe ta ɗauko jaridar daga kan talabijin, ta buɗe ta shimfiɗa a cinyar baƙuwar. "Ga ta nan. Rabin shafi. Babanta ya kai ofis ya nuna wa kowa."

Inna Hure ba ta karatu. Ta duba hoton. Khalida ce a tsaye, hannu a haɗe, ta matsa hagu. A damanta gilashi, a cikin gilashin sanduna biyu a sama. Tsohuwar ta kusanto da takardar ga idonta, ta daɗe a haka. Ta sa ɗan yatsa a kan girar.

"Ga shi nan," ta ce. "Wannan shi ne hoton da mai gini ya zo da shi cikin waya. Maƙwabta sun gwada mani."

Hajiya Fatsuma ta dubi jaridar, ta dubi Khalida, ta sake duban jaridar. Khalida ta ga lokacin da uwarta ta gane, ta kuma ga abin da ta yanke za ta yi da ganewar.

"Hure, kowa ya san wanda ba shi da takarda ba ya zama a ɗauke shi hoto," in ji Hajiya Fatsuma. Muryarta ta sauya, ta koma wadda take yi wa masu kawo gas. "Babba ne, ba yaro ba. Kada a jawo mini 'ya cikin wannan magana. Aikin gwamnati take nema."

"Ban ce komi ba, Hajiya."

"Na sani. Ina dai faɗa ne."

"Ki bar mani takardar, to. An shafa mashi baƙi, amma ni ina ganin shi."

"Guda ɗaya ce muka samu, firam za a sa mata." Hajiya Fatsuma ta sa hannu ta zare jaridar daga cinyarta, a hankali don kada ta yage, ta ninke ta mayar kan talabijin. "Bari in haɗo miki 'yan kaya, tunda an kulle naki."

Ta shige ɗaki. Suka rage su biyu. Khalida na jin ana buɗe durowa ana rufewa. Jaridar na nan taku uku daga inda take tsaye, kuma abayar Inna Hure na da faɗin da za ta ɓoye ta.

"Ya ce mani za a sa ki a bango," in ji Inna Hure, ba ta kalle ta ba. "Kwana biyu shina duba waya, wai za ki aiko mashi shi gani. Na ce ƙila aiki ya yi maki yawa."

"Aiki ne," in ji Khalida.

Hajiya Fatsuma ta fito da leda biyu, ɗaya tsofaffin riguna, ɗaya shinkafa da gwangwanin madara. Inna Hure ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa albarka ga gidan da mai gidan da zuriya. Ba ta taɓa shayin ba. Ta sa takalmi a bakin ƙofa, tana riƙe bango da hannu ɗaya. Suna jin saukarta a matakala, ledojin na bugun ƙarfe, hawa uku, har ƙofar ƙasa ta rufe.

Hajiya Fatsuma ta sa sakata. Ta kwashe kofunan, ta zubar da na baƙuwar a sinki, ta dawo tana goge hannu.

"Kada ki sake zuwa Aziziyyar nan," ta ce. Ta ɗauki jaridar ta buɗe, ta miƙa hannu tana kallonta daga nesa. "Mai firam ɗin ya ce akwai na katako, akwai mai ruwan zinariya. Wanne kike so?"

Khalida ta ce mai ruwan zinariya.